Baƙar Tawadar Japan a Bangon Falon Sabo

Da can, kowa ya san abin da zai tarar a bangon falo a Sabon Ibadan: hoton Ka'aba, Ayatul Kursiyyu da ruwan zinari, kalandar wani ɗan canji, sai hoton Shehu Ibrahim Inyass, da yake Tijjaniyya ta kafu a unguwar tun shekarun 1950. Yanzu amare sun shigo da baƙo. Firem uku ne a jere saman doguwar kujera, farin fili, baƙin layi guda kamar an ja jiƙaƙƙiyar tsintsiya, jar rana a sama, da ɗan jan hatimi a kusurwa. Na tambayi wani ango ma'anarsa, ya ce, "Oho, cikin kayan ɗaki ya zo."

Salon daga Japan ya zo. Mutanen can sun koyi zanen baƙar tawada daga Sin, masu bautar Buda na tafarkin Zen suka raine shi. Gwaninsu Sesshu ya yi wani zane a 1495 wanda har yau ake zancensa: 'yan ɗigo da feshin tawada ne kawai, sai ka ja baya kaɗan ka ga dutse da bishiya da kwalekwale. Tawadar kuwa kunkunniya ce ake kwaɓawa da danƙon fata, a busar da ita sanda-sanda, in za a yi aiki a goga a dutse da ruwa. Wanda ya yi makarantar allo, ya ga yadda ake dafa tawada da ƙaro, ba zai ji wannan baƙon abu ba. Mu da alƙalamin gamba muke rubutu, su da buroshin gashi, a kan takarda mai shan ruwa. Almajiri yana iya wanke allo ya sake, amma mai wannan zane in hannunsa ya yi rawa, shi ke nan, takarda ta shanye.

Bayan Amurka ta tilasta wa Japan buɗe tashoshin ruwanta a 1854, hotunan ƙasar suka cika Faris, har Van Gogh ya kwaikwayi na Hiroshige a 1887. Bayan yaƙin duniya na biyu sai Franz Kline na Amurka ya shiga jan manyan baƙaƙen layuka a farin ƙyalle, Morita Shiryu na Japan kuma ya ɗora aikin Kline a bangon fitowar farko ta mujallar Bokubi a 1951. Jikokin wannan cuɗanya ne ke rataye a falukanmu.

A ganina dalilin karɓuwarsa a fili yake: ba siffar mai rai a ciki. Malam zai shigo ya yi salla a ɗakin ba tare da ya ce a juya hoto ba. Idon Bahaushe kuma ya daɗe da sabawa da adon da ba ya kwaikwayon komai, daga dagi a soron gida zuwa aska takwas a ƙirjin babbar riga.

Sai dai mai saye ya san abin da yake saye. Kusan duk bugun inji ne. Wasu daga Sin ake shigo da su ta Legas. Akwai ma unguwa guda a Shenzhen, Dafen, da ta yi suna wajen kwafin zane. Wasu kuwa nan Mokola, maƙwabtanmu masu ɗab'i, za su sauko da hoto daga intanet su buga maka kafin la'asar. Ba laifi ba ne, muddin kuɗin bugu ka biya. Matsa kusa da shi: in ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, inji ne. Wani kan shafa farin danƙo a sama don ya yi tudu-tudu kamar aikin hannu, amma in ka lura tudun bai bi layin zanen ba. Sannan juya bayansa. Daminar Ibadan ba ta raga wa katakon garin itace, yakan kumbura, fumfuna ta tsiro a cikin gilashi. A sa ɗan tsinke tsakaninsa da bango iska ta ratsa, a kuma nisanta shi da taga, don rana tana kashe jan launi da wuri.

Inda muke cutar zanen shi ne wajen ratayewa. Farin filin nan da aka bari rabin aikin ne, ido yana buƙatarsa. Mu kuwa a Sabo, tun da aka yanka wa fataken goro da shanu wurin a 1916, mutane ƙaruwa suke yi fili bai ƙaru ba, ɗaki ɗan tsito ne. Sai a matse firem tsakanin agogo da talabijin da furen roba, ya koma tarkace. Guda ɗaya a bangon da aka share masa ya fi uku a cunkoso.

Wanda kuma yake son aikin hannu na gaske, alarammomin da ke yi wa allon sauka zayyana suna nan a unguwa. Kai wa ɗayansu takarda mai kauri, ka roƙi zayyana zalla ba aya a ciki, don kada a jingina mata baya ko yara su taɓa ba alwala. Mai firem a Mokola zai yanka mata gilashi daidai girmanta.