Barkwanci a bakin makirfo: Sana'ar da ke kai mutum ga suna, ta kuma kai shi kotu

DUK wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san cewa tun kafin a fara sayar da kaset ɗin Ibro a Bata, Kanawa su na da masu ba su dariya. Akwai 'yan kama, waɗanda ke tsayawa a kasuwa ko gidan biki su kwaikwayi malami ya na jan baƙi, amma duk fassarar ta ƙare a kan tuwo da miya da nama. Akwai kuma Nalako, sarkin gwagware, wanda ke fitowa tashe da azumi ya na farautar maza marasa mata a lungunan birni. Waɗannan mutane su na faɗa wa babba magana a gaban sa, a yi dariya a watse. Al'ada ce ta ba su lasisi, shi ya sa ba a kai su ƙara.

Da rediyo ya shigo, sai wannan gado ya samu sabon gida. Iyayen mu har gobe su na tuna Samanja Mazan Fama, wato marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya riƙa sa mutane dariya daga Kaduna da Hausar sa ta bariki. Allah ya yi masa rasuwa a Nuwamba 2023. Sai dai shi wasan kwaikwayo ya ke yi, an rubuta an tsara. Mutum ɗaya ya zauna gaban makirfo ya na zolayar masu mulki da sunan su, wannan kam bai zama ruwan dare ba a lokacin da manyan tashoshin da ake saurare na gwamnati ne.

Abin ya canza a Disamba 2003, lokacin da aka buɗe Freedom Radio a Sharaɗa, tasha mai zaman kan ta a kan mita 99.5. Daga cikin shirye-shiryen da su ka ɗaga ta akwai 'Kowane Gauta', na siyasa, da kuma 'In Da Ranka', wanda sunan Nasiru Salisu Zango ya haɗe da shi har ba a iya raba su. Sunayen kan su karin magana ne, kuma wannan ya nuna inda aka dosa.

Zango ɗan jarida ne cikakke, har ma ya yi wa sashen Hausa na rediyon Jamus, DW, aikin wakili daga Kano. Amma abin da ya sa 'yan acaɓa da masu shayi da matan aure su ka riƙe sunan sa shi ne yadda ya ke ba da labari. Rahoton da wani zai karanta a bushe, shi sai ya ja shi kamar hirar majalisa, ya sa masa gishiri, ya jefa habaici, ya bar mai saurare ya ƙarasa sauran. Labarin kuwa ba na wasa ba ne: unguwar da ta rasa ruwa, ɗan damfarar da ya wanke mutane, ma'aikacin da ya danne haƙƙin talaka. Mutum zai yi dariya, amma in ya kwanta maganar na nan a ran sa. Wannan salo ne matasa da dama su ka ɗauka a sauran tashoshin FM da su ka cika Kano daga baya.

To amma fa makirfo ba dandalin Kurmi ba ne. Ɗan kama mutum hamsin ke jin sa, kuma duk sun san wasa ya ke. Mai rediyo jiha guda ke jin sa, har da wanda ake zolaya da lauyan sa.

'Yan fim sun riga kowa sanin haka. A Oktoba 2008, zamanin da Malam Abubakar Rabo ke shugabantar Hukumar Tace Finafinai, kotun tafi-da-gidan-ka ta ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro wata biyu a kan fim ɗin 'Ibro Aloko'. A takarda, laifin na saɓa wa dokokin hukumar ne. A bakin 'yan industiri kuwa, da yawa sun ɗauka cewa waƙar 'Mamar' da ke cikin fim ɗin, wadda aka fassara a matsayin shaguɓe ga Gwamna Ibrahim Shekarau, ita ce ta jawo. Mutumin da ya taɓa aikin gandiroba sai ga shi a ciki a matsayin fursuna.

Su ma 'yan rediyo sun ɗanɗana. A Fabrairu 2013, bayan 'yan bindiga sun kashe mata ma'aikatan rigakafin shan-inna a Kano, 'yan sanda sun kama ma'aikatan Wazobia FM, su ka ce shirin 'Sandar Girma' ya tunzura jama'a a kan rigakafin. Hukumar NBC ta dakatar da lasisin tashar. Wannan lamari ya tuna wa kowa cewa abin da aka faɗa a iska ba ya dawowa.

Yanzu kuma wayar hannu ta buɗe wata ƙofar. Matashi ba ya buƙatar manaja ya ɗauke shi aiki. Makirfo ɗaya, kyamara ɗaya da data sun isa ya buɗe shirin hira a YouTube ko Facebook, abin da ake kira podkas. Masu karatu sun ga yadda shirin hirar da Hadiza Gabon ke yi da 'yan fim ya karɓu, har guntayen sa ke yawo a waya kamar wutar daji. Kuɗin na zuwa ne daga tallace-tallace da yawan masu kallo, wanda hakan ke tura wasu neman maganar da za ta tada ƙura ko ta halin ƙaƙa.

Sai dai a can babu editan da zai ce "cire wannan", babu kuma tashar da za ta tsaya wa mutum. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannen su, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da aka ce sun ɓata sunan Gwamna Abdullahi Ganduje. A Mayu 2025 kuma gwamnatin jihar ta sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai-tsaye a kafafen yaɗa labarai, matakin da ƙungiyoyin 'yan jarida su ka soka. Ibro ya sha ta sa a mulkin Shekarau, 'yan TikTok a mulkin Ganduje, wannan kuma a mulkin Abba Kabir Yusuf. Jam'iyya uku daban-daban, amma ba wadda ta ji daɗin a yi dariya da ita.

Saboda haka matashin da ke Yakasai ko Mandawari wanda abokai ke ce wa "kai fa rediyo ya dace da kai", ya sani iya zuba kaɗai ba ta isa ba. Waɗanda su ka daɗe a sana'ar su na tabbatar da labari kafin su yi wasa da shi, su na jin ta bakin ɓangare biyu, sun kuma san bambancin habaici da ƙazafi. Hakan ba zai hana a kira mutum ofishin 'yan sanda ba, amma in an kira shi zai je da hujjar sa a aljihu.