Wace Innar ce a cikin "shan-inna"?

Duk sa'ad da masu rigakafi suka shiga gida-gida a Samaru da Sabon Gari, sai ka ji ana ta ambaton shan-inna. To, wace Innar?

A wajen 'yan bori da Maguzawa, Inna ce uwar iskoki, wasu kan kira ta Doguwa.  Sai dai Inna akwai fushi: an ce in aka saɓa mata, takan shanye ƙafa ko hannu. Asalin sunan ke nan.

Likitoci kuwa sun tabbatar shan-inna ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa ta kashi da gurɓataccen ruwa, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ba ta da magani, sai rigakafi.