YADDA DUHU KE KAI SAƘO CIKIN ƘWAƘWALWA

Yau ina so mu duba wani abu da ke faruwa cikin kanmu kowane dare, mu kuwa ba mu sani ba.

A can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, girmanta kamar ƙwayar shinkafa. Likitoci suna kiranta finiyal. Aikinta shi ne ta fitar da wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Wani likitan fata, Aaron Lerner, shi da abokan aikinsa ne suka fara gano shi a Amurka a 1958, bayan sun tace finiyal na shanu wajen 250,000.

To, finiyal na mutum ba ya ganin haske. Ta yaya zai san rana ta faɗi? Sai an aiko masa. Ido ne ke fara lura, ya gaya wa wani ɗan gungu na jijiyoyi da ke zaman agogon ƙwaƙwalwa. Daga nan saƙon ba ya bin gajeruwar hanya. Yakan gangara ta lakar baya, ya fito, ya hau zuwa wani ƙulli na jijiyoyi a saman wuya, sa'an nan ya komo cikin kai. In duhu ya yi, bakin waɗannan jijiyoyi sai su zubo wani sinadari, noradirenalin.

Ku saurara da kyau a nan, 'yan'uwa. A jikin finiyal akwai makarɓai, wato wuraren karɓar saƙo. Ku ɗauke su kamar kwaɗo, noradirenalin kuwa mabuɗi. Babban kwaɗon ana kiransa bita-1. Da zarar mabuɗi ya shiga, sai finiyal ya soma juya sirotonin da ya tara ya zama melatonin. Akwai na biyu, alfa-1. Shi kaɗai ba ya yin abin kirki, amma yana ƙara wa na farko ƙarfi. Melatonin yakan kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare. Haske mai ƙarfi ya shiga ido a lokacin, sai a tsai da aikin.

Me ya sa na kawo wannan? Sau da yawa in na je gaida dattawa masu hawan jini, sai in ji suna kukan rashin barci, wani ma yana zaton damuwa ce kawai. Ba kullum ba. Wasu magungunan hawan jini, irin su furofuranolol da atenolol, aikinsu toshe kwaɗon bita ne domin zuciya ta sassauta. Amma irin kwaɗon nan ne ke jikin finiyal, don haka melatonin na dare yakan ragu.

Baba, Mama, kada ku daina shan maganin da kanku, gama yin haka farat ɗaya yana da hatsari ga zuciya. Ku kai kwalin wurin likita, ku gaya masa tun yaushe barcin ya ƙi zuwa.