Idon mota: maganin raɓa da dushewar fitilun tsofaffin motoci

A daminar da ta wuce wani abu ya same ni wanda har yau idan na tuna shi sai gabana ya faɗi. Mun taso daga Tasawa za mu Maraɗi bayan isha'i, ni da iyalina, a cikin tsohuwar Corolla ta yayana. An yi ruwa da la'asar, kwalta ta yi baƙi ƙirin. Ba mu yi nisa ba sai ga amalanken jaki a gabana, ɗauke da ciyawa da yara biyu a bisa. Na taka birki iya ƙarfina, motar ta ja ta tsaya, tsakaninmu da su bai fi taku uku ba. Na fito ina faɗa. Mai amalanken dattijo ne, ya bari na gama, sannan ya nuna gaban motar ya ce: "Ɗana, dubi idon motarka tukuna." Na duba. Fitilar dama ta yi rawaya kamar tsohon haƙori, ta hagu kuwa ruwa ne kwance a cikinta, fuskarta duk ta yi gumi. Ban ƙara cewa uffan ba.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan al'amari. Abin da na gano shi ne cutar fitila iri biyu ce: ta ciki, wato ruwa, da ta waje, wato ƙunar rana. Dukansu suna da magani, kuma maganin bai fi ƙarfin mai ƙaramin hali ba.

Me ya sa abin ya kai a damu?

Motar da ke tafiyar kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu ya kai ƙafarsa ga birki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, sannan birkin kansa yana bukatar kimanin mita 45 a busasshiyar kwalta. Jimla mita 70 ke nan, kuma a jiƙaƙƙiyar hanya ya fi haka. A shekarar 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka dushe, ta tarar suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sababbi. A ƙa'idar haske, idan ƙarfin fitila ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, nisan da take haskawa yakan ragu da kusan rabi. Babban haɗarin shi ne dushewar takan zo sannu a hankali, wata bayan wata, har idon direba ya saba da ita, ya riƙa zargin duhun dare ko tsufansa.

Fitila tana numfashi

Motocin da, irin su Peugeot 504 da iyayenmu suka sani, fuskar fitilarsu gilashi ce. Daga shekarun 1980 a Amurka, da farkon shekarun 1990 a Turai, kamfanoni suka koma ga wata roba mai ƙarfi da ake kira polikabonat, domin ba ta da nauyi kuma tsakuwa ba ta fasa ta da sauƙi. Galibin motocin hannu na biyu da aka shigo mana da su ta Kwatano da Lome irin wannan fitila gare su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a toshe wannan fitila ruf. A bayanta akwai ƴan ƙananan kafofi, wasu da lanƙwasasshen bututun roba, ta inda iska ke fita idan ƙwan fitila ya ɗumama ta, ta kuma koma idan ta huce. Iskar damina tana ɗauke da danshi. Idan ta taɓa fuskar fitilar da ruwan sama ya sanyaya, sai danshin ya kwanta a kai, kamar yadda raɓa ke kwanta a jikin kwanon ruwan ƙanƙara.

Saboda haka a bambanta abu biyu. Siririn hazo a gefe ko a ƙasan fuskar fitila, wanda ke washewa idan an kunna wuta an yi tafiya ta kamar rabin awa, ba cuta ba ne. Amma idan ɗigo ne manya suna gangarowa, ko ruwa ya taru a ƙasa, ko hazon ya kwana ya wuni bai tafi ba, to akwai ɓaraka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nemi ɓarakar a wurare huɗu: murfin baya, wanda sau da yawa ake mantawa da shi a garaji bayan sauya ƙwai; gam ɗin da ya haɗa fuska da gida, wanda zafi ke busarwa; tsagewa a jikin gidan bayan ɗan karo; da kafofin numfashi, waɗanda ƙurar hunturu da taɓon damina ke liƙewa. Masu wankin mota da ke harba ruwa mai ƙarfi cikin inji su ma suna da nasu kason.

Fitar da ruwa

A kashe mota, a bari ƙwai ya huce, a cire shi tare da murfin baya. Kada a taɓa gilashin ƙwan halojan da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa shi saurin mutuwa. Idan fitilar mai farin haske ce ta zenon, a bar wa mai gyaran wutar mota, saboda wajen tashi tana jan wuta fiye da bolt 20,000. Idan ruwan ya yi yawa, a kwance fitilar gaba ɗaya, a tsiyaye shi, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa da hantsi, bakinta a buɗe. Na'urar busar da gashi tana taimakawa, amma da ɗumi kaɗan kuma daga nesa. Kada a cusa tsumma a goge madubin da ke ciki: siririn shafen alminiyom ne, ko yatsa yana kankare shi, kuma idan ya tafi ba ya dawowa.

Bayan ta bushe, a share kafofin numfashi, a mayar da ƙwai da murfi, a zuba ruwa a hankali a kan mahaɗar, a ga inda yake shiga. Gam ɗin da ya dace da mahaɗar shi ne baƙar roba mai danƙo da ake kira butil. Silikon na magina, mai warin tsami, tururinsa yana iya barin tabo a ciki. Kuskure biyu kuma a guje musu: liƙe kafofin numfashi da nufin hana ruwa, wanda yake kulle danshi a ciki, da huda fitila da ƙusa, wanda yake buɗe wa ƙura ƙofa. Wanda ya sa ƙwai na LED ya sani cewa ba ya ɗumama fuskar fitila kamar halojan, don haka hazo yakan fi daɗewa kafin ya washe.

Maido da haske

Polikabonat ba ya jure hasken rana, shi ya sa tun a masana'anta ake lulluɓe shi da wani siririn shafe mai kariya. Shekaru na rana da yashi suna cinye wannan shafe, robar ta ƙone ta yi rawaya. A shafa hannu a gani: idan wajen yana da kaushi, cutar a waje take, kuma za ta gyaru. Idan robar ta tsattsage har cikin jikinta, ko madubin ciki ya ƙone, sai dai sauyi.

A wanke fitilar da sabulu, a manna tef a kewayenta don kare fentin mota. A jiƙa samfefa mai aiki da ruwa, a fara da lamba 800, a bi da 1000, da 1500, da 2000, a ƙare da 3000 idan an samu. Kowace lamba a goga ta a miƙe, ta gaba kuma a gicciye, ana zuba ruwa ba yankewa. Da farko ruwan zai fito rawaya, daga baya ya koma fari kamar nono. Alamar an cire mataccen shafen ke nan. Fitilar za ta yi fari fat, kada hankali ya tashi. Man goge fenti da tsumma mai laushi za su maido ta garau.

Nan ne mafi yawan masu gyara ke tsayawa, nan ne kuma kuskuren yake. Robar yanzu tsirara take, ranarmu za ta mayar da ita rawaya cikin ƴan watanni. Tilas a shafa mata sabon kariya marar launi, wanda aka yi don fitila kuma yake tare hasken rana, a inuwa, a wurin da ba ƙura. Man goge baki yana ɗan haskaka ta na ɗan lokaci. Man birki da baƙin mai ƙyalli ne na yaudara, wankin farko ya tafi da shi. Fetur da tina kuwa suna cin robar, su tsattsaga ta. Haka nan sa ƙwai mai wat 100 a gurbin mai wat 55 ba magani ba ne: yana ƙona gidan fitila da wayoyi, ya kuma makantar da mai tahowa. A gwajin AAA da na ambata, gogewa ta maido da haske zuwa kimanin kashi 70 cikin 100. Wanda ke yawan tafiyar dare kuma yake da hali, sabuwar fitila ta fi masa.

Saiti

Duk fitilar da aka kwance sai an sake saita ta. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a kunna ƙaramar wuta, wadda direbobi ke kira kod. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bango. A yawancin ƙananan motoci iyakar hasken takan sauka kimanin santimita 10 zuwa 12 ƙasa da alamar. Adadin yana rubuce a jikin fitilar, kamar 1,0% ko 1,2%.

Ta yayana mun yi mata wannan aiki a wuni ɗaya, a ƙofar gida, kuma ashe murfin baya ne kawai ya ɓata. Ya mai karatu, yau da magariba ka kunna wutar motarka, ka fito ka tsaya a gabanta ka dube ta da kyau. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hanyoyinmu na dare cike suke da masu amalanke, da masu keke, da makiyaya da dabbobinsu, kuma mafi yawansu ba su da wani haske sai wanda ka haska musu. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.