Kura Mai Babbar Riga Da Kiɗan Fiyano A Kongolam

Kwanan baya aikin duba makarantu ya kai mu ƙasar Daura, har muka dangana da Kongolam. Ga wanda bai san wurin ba, gari ne na bakin iyaka cikin ƙaramar hukumar Mai'aduwa, 'yar tafiya kaɗan arewa da birnin Daura. In ka wuce shingen 'yan kwastan ka shiga Nijar ke nan, hanya ta miƙe sai Matameye, sai Damagaram. Abu biyu muka tarar a wannan tafiya, ɗaya da hantsi ɗaya da almuru, mun kuwa ga ya kamata mu baje su gaban malaman makaranta da ma'aikatan ofis, don su abin ya fi shafa.

A wata makaranta ta kan wannan hanya malamin aji biyar ya tarye mu da littafin lissafi na wani yaro, ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi abin da yaron nan ya ke yi mini da littafi." Muka buɗe bayan littafin, sai ga kura tsaye bisa ƙafa biyu, ta sha babbar riga, ta karkata hula, tana satar kallon wata akuya da ta ɗaura zane tana tallan fura. A ɗaya shafin ga dila zaune kan buzu da tabarau, 'yan zomaye sun kewaye shi da alluna, kowannensu ya fi kusa da ƙofa bisa ga kusa da malamin. Malam ya riga ya yi wa yaron bulala. Ya ce wayar yayansa ce ta koya masa wannan shiririta ta Turawa.

To, Malam bai yi kuskure duka ba. Lalle akwai wasu jama'a a Amurka da Turai da sauran ƙasashe waɗanda ba su da abin sha'awa kamar zanen dabbobi masu hali da tufafin mutane. Sun taso da kallon majigin zane irin na Mickey Mouse, ɓeran nan mai wando da ya fito cikin 1928, da na Robin Hood na 1973 wanda aka mai da jaruminsa yanyawa. Tun wajen 1980 suka fara haɗa kansu, suka yi babban taronsu na farko a Kalifoniya cikin 1989, yanzu kuwa dubbai ne ke taruwa ko wace shekara a birnin Pittsburgh. Ko wanne ya kan zaɓi dabbar da ya ga ta yi daidai da halinsa, ya zana kansa da siffarta, wasu har su ɗinka kayan su sa. Cikin zanensu akwai na gwaninta ƙwarai, akwai kuma wanda bai dace yaro ya gani ba, kamar dai sauran abin da ke cikin waya. Uban da ya sa ido a kan wannan ya yi daidai.

Amma fa kurar nan ta littafin lissafi ba daga Amurka ta zo ba. Wa ya koya wa Ba'amurke cewa kura ga kwaɗayi ga tsoro, ko cewa dila shi ne malamin daji? A ɗakin kakarsa yaron ya ji wannan, bayan an ci tuwon dare. Mu da mu ke faɗuwa gaban Sarki mu ce "Zaki," mu yi wa babban mutum kirari da toron giwa, ba mu ne za mu yi mamakin mutum da siffar dabba ba. Balle a ƙasar Daura, inda tarihin gari ya fara da macijiyar rijiyar Kusugu, wadda ta ke da suna, Sarki, ta ke da doka, ba ta bari a ɗebi ruwa sai ran Jumma'a. Tatsuniyoyin da Edgar ya tattara ya buga cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913 cike su ke da dabbobi masu noma da aure da kai ƙara. Haka kuma Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa cikin 1937, wanda kusan ko wane malami da ke karanta wannan ya yi jarrabawa a kansa, mai ba da labarin cikinsa aku ne, har ya kai ga sarautar Waziri. Mun ba yara wannan su haddace, sa'an nan mun doke su don sun zana shi.

Mun san akwai iyayen da ba su son a zana abu mai rai. Wannan magana ce ta malaman addini, ba mu da bakin yanke ta a nan, kuma uban da ya hana ɗansa a bi maganarsa. Amma bulalar ran nan ba don wannan aka yi ta ba. Don an ɗauka abin baƙo ne aka yi ta.

Da almuru muna zaune wurin mai shayi kusa da tashar mota, sai wani direban Damagaram ya kunna wani kiɗa a wayarsa. Ba waƙa, ba kalangu, sai wata murya siririya ta fiyano tana tafiya a hankali bisa wani ɗan bugu mai maimaita kansa. Kai, sai muka ji kamar an mai da mu shekara talatin da wani abu baya, muna yara, rediyon mahaifinmu na kan tabarma an kamo Muryar Sahel daga Yamai, ana jiran labaru. Wani dattijo da ke gefenmu ya ajiye kofinsa, bai sake ɗauka ba sai da kiɗan ya ƙare. Mun shekara da shekaru muna jin wannan kiɗa ba mu taɓa tambayar mai shi ba, mun zaci haka rediyo ke yi in ya rasa abin faɗi.

Ashe da mai shi. Sunansa Mamman Sani, mutumin Nijar, ma'aikaci ne da ya yi aiki da hukumar UNESCO. A wurin wani taro ya ga wani wakili daga Ruwanda da fiyano mai lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya lallashe shi ya sayar masa. Irin wannan na'ura ba tsirkiya cikinta, ba fata, ba wurin busa. Wutar lantarki ce a ke sa ta kaɗawa, in ta kaɗa da sauri murya ta fito siririya, in ta sassauta ta yi kauri, akwai kuma maɓallin da ke riƙe bugu shi kaɗai, mutum ɗaya ya zama ƙungiya. Abin da Mamman Sani ya zuba cikinta kuwa, da yawansa amon waƙoƙin gargajiya ne na ƙasarsa, da wanda ya ƙaga bisa tafarkinsu. Cikin 1978 ya ɗauki kiɗan a gidan rediyon ƙasa, aka yi kaset kaɗan. Rediyo da talabijin na Nijar suka yi ta sa shi tsakanin shiri da shiri. Kaset ɗin ya kusa ɓacewa, sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da shi a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai cikin 2013. Daga nan aka gayyaci mai kiɗan ya yi wasa a ƙasashen Turai, inda samari ke neman tsofaffin na'urorin nan ruwa a jallo.

A namu gefen iyaka fiyano ta hanyar finafinan Kano ya shigo gidaje. An fara su da Turmin Danya cikin 1990, amma Sangaya na 1999 shi ne ya sa kiɗan Yamaha ya cika ko wace kasuwa da ko wane gidan biki, don na'urar ta iya kwaikwayon sarewa da bandiri har mai ji ya ɗauka na gida ne. A wannan shekara ce Alhaji Mamman Shata ya rasu, aka rufe shi a Daura, manya kuwa suka ce kiɗa ya mutu, saura na roba. Ba mu ce ba su da hujja ba, gama makaɗa da yawa sun rasa bukukuwan da su ke ci da iyali. Mu kanmu, muna ɗalibai a kwalejin horon malamai, mun raina shi a baki muna sauraronsa a ɓoye. Yau an koma haɗa kiɗa a kwamfuta, an jingine tsofaffin fiyanon, ga mu kuma muna jin ƙwalla in an sa su.

Abin da ya dame mu shi ne, kaset ba ya jure zafin ƙasarmu. Zaren ya kan manne, murya ta dushe. Na Mamman Sani ya tsira don baƙo ya zo daga nesa ya ɗauka. Na Kano da Katsina da Daura fa, wa zai zo? Ma'aikatan ofis da malamai, ku ne ke da akwatunan da a ke ajiya. Wanda ke da kaset na wancan zamani, na fim ko na biki ko wanda ya ɗauka daga rediyo, ya kai a juye masa a kwamfuta, ya rubuta sunan mai kiɗa da shekara in ya sani. Littafin yaro ma in ya cika da zane, a yanke shafin a sa a fayil, a saya masa wani don lissafi.

Kashegari muka koma ajin nan, muka roƙi Malam ya ara mana rabin sa'a. Muka ce wa yara su zana Gizo. Nan fa aka yi cirko-cirko, don kowa ya san Gizo, ya san matarsa Ƙoƙi, ya san tsamin bakinsa, ya san yana da gona yana zuwa fada, amma ba wanda aka taɓa gaya masa kamanninsa. Wasu suka zana gizo-gizo na bango da ƙafa takwas, wasu suka zana ɗan tsamurmurin mutum. Mai kura ya daɗe bai ɗaga kai ba. Da ya kawo nasa, ga Gizo cikin riga gaban Sarki, ƙafa biyu a ƙasa, hannu biyu sama yana jinjina, sauran huɗun kuwa suna ƙarƙashin riga, ɗaya da kaza, ɗaya da goro, ɗaya da ƙwai, na huɗu yana laluben aljihun dogari.

Malam ya karɓa ya duba, ya sake dubawa. Can ya ce, "Kai yaro, ina Ƙoƙi?"

Yaro ya ce, "Tana gida, Malam. Ba ta san ya fito ba."