MACIJIN ITACE: KADA RASHIN ZAFIN SARA YA RUƊE KA

Mai gida, akwai wani maciji da ya kamata kai da iyalinka ku sani. Ba ya cika sauka ƙasa, zamansa a bisa itace ne. A Afirka ta Kudu ana kiransa bumsilan, wato macijin itace, amma akwai shi a dazuzzukanmu ma.

KAMANNINSA

Siriri ne, tsawonsa ƙafa 4 zuwa 5. Kansa gajere ne, idanunsa manya ƙwarai. Namiji galibi kore ne, mace kuwa ruwan ƙasa. Don haka kada ka ga koren maciji ka ce ai damatsiri ne, ba kome.

HALINSA

Abincinsa hawainiya da ƙwai da 'ya'yan tsuntsaye. Yakan lafe a reshe ba motsi. In ka ji tsuntsaye sun taru a itace ɗaya suna ta tsuwa, to, duba da kyau. Shi matsoraci ne, gudu yake yi. Sai an matsa masa ya kumbura wuya ya kai sara.

DAFINSA

Nan haɗarin yake. Saran ba ya zafi sosai, sai mutum ya zaci ya tsira. Amma dafin yana hana jini daskarewa. Bayan awoyi, wani lokaci har kwana guda, sai ciwon kai da amai, jini ya riƙa fita ta dasashi da hanci da fitsari. A 1957 wani masanin macizai a Amurka, Karl Schmidt, ƙaramin wannan maciji ya sare shi a yatsa. Bai je asibiti ba, kashegari ya mutu.

ABIN DA ZA KA YI

1. Kwantar da wanda aka sara, kada ya yi ta motsa wurin.
2. Cire masa zobe da awarwaro.
3. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau.
4. A ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Likita zai gwada jininsa, ya ga ko yana daskarewa.

Ka hana yara zura hannu cikin sheƙa ko kogon itace. In za ka hau mangwaro ko tsamiya, ko ɗora amya, fara bugun rassa da sanda. Rigakafi ya fi magani.