Ɗigon hasken da ya yi tafiyar kimanin shekara 350 kafin a ɗauki hotonsa

Hotunan wasu duniyoyi masu launi da ake turo mana a WhatsApp, yawancinsu zane ne na kwamfuta. Hoton gaske ba shi da wannan ado, ɗigo ne kawai, dishi-dishi. Ni kuwa ɗigon nan ya fi burge ni.

Ranar 1 ga Satumba 2022 hukumar NASA ta Amurka ta fitar da hoton wata duniya mai suna HIP 65426 b, wanda madubin hangen nesa na James Webb ya ɗauka. Tun 2017 aka fara gano ta da wani babban madubi a ƙasar Chile. Tana kewaya wani tauraro da ke can kudancin samaniyarmu ta Malanville, sai dai ido tsirara ba ya kama shi. Hasken da ya shiga madubin ya baro can tun kimanin shekara 350 da suka wuce, wato tun kafin a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

To, ina wahalar take? A ce kana bakin gadar Gaya da dare, babbar mota ta haske maka ido, wani kuma ya riƙe garwashi a gefen fitilarta. Za ka ga garwashin? Haka lamarin yake, don tauraron ya fi duniyar haske sau dubbai. Sai masana suka yi abin da masunci ke yi a Kwara da hantsi, ya kare rana da tafin hannu don ya hango kwalekwale. Suka sa wani ɗan faifai cikin madubin ya rufe tauraron.

Abu biyu suka taimaka. Nisanta da tauraronta ya kusa ninka nisanmu da rana sau 100, don haka ba ta nutse cikin haskensa ba. Sannan jaririya ce, shekarunta miliyan 15 zuwa 20, alhali tamu ta kai biliyan 4.5. Kamar tukunyar da aka sauke daga murhu yanzu, har yau tana huci, zafin nan ne Webb ya gani.

Kada wani ya fara ɗaura kaya, ba wurin zama ba ne. Dunƙulen iska ce, ta ninka Mushtari nauyi sau 6 zuwa 12, babu ƙasar takawa.

An tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 a wajen gidan ranarmu, amma waɗanda aka ɗauki hotonsu kai tsaye ba su kai 100 ba. Daga hasken ɗigo irin wannan ake karanta zafin duniya da irin iskar da ke lulluɓe da ita. Da sannu, da wannan dabara ake fatan hango ƙarama mai ruwa irin tamu. Kafin ranar, in an turo maka hoto mai teku da duwatsu aka ce wata duniya ce, tambayi wane madubi ya ɗauka.